Kwafin da Na Aika wa Mai Unguwa

Shekara talatin da biyar na yi a ma'aikatar watsa labarai, kuma a cikinsu babu ranar da na yarda magana ta fita daga hannuna ba ta hanyar da aka shimfiɗa mata ba. Haka aka hore mu. Malamanmu sun ɗora mana ƙa'ida biyu da tsawa da jan biro: duk saƙon da zai je wa talaka, sai shugabansa ya sani, duk takardar da za ta fita, sai an bar kwafinta a fayil. Na fara aiki a Bungudu ina matashi, ina bin motar majigi ƙauye-ƙauye muna nuna wa jama'a amfanin rigakafi da takin zamani, na kuma ajiye aiki a Gusau ina da ofishina ni kaɗai. Ba na jin kunyar ko ɗaya daga cikin shekarun nan. Na ambace su ne domin mai karatu ya san irin mutumin da wannan al'amari ya faru da shi.

Jikata, 'yar babban ɗana, tana zaune a gidana tun da ta shiga jami'a. Ilimin sadarwa take karantawa, abin da ya faranta mini rai ƙwarai, ko da yake ban taɓa nuna mata ba. Yawancin darussanta na gane inda suka dosa: rubuta labari, aikin rediyo, dokokin jarida. Amma a shekararta ta uku sai ga wani kwas da suke kira batutuwa na musamman a sadarwa. Na ce ta kawo mini littafinsa in duba, ta ce ba shi da littafi. Na ce to manhajarsa fa, ta ce malamin ne yake zaɓen batun da za a yi kowace shekara. Karatun da ba shi da littafi, sai abin da malami ya ga dama, bai kwanta mini ba tun daga ranar.

Batun da ya zaɓa a wannan shekara shi ne yadda jama'a suka riƙa isar wa juna saƙo a watannin da aka katse layukan waya a jiharmu. Duk wanda ya zauna a nan bai manta da lokacin ba. Kowane ɗalibi zai nemo mutum ɗaya da ya zama mahaɗar jama'a a waccan tsaka mai wuya, ya zauna da shi, ya ji yadda ya yi.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a tsakar gida ta zo ta durƙusa kusa da kujerata.

"Angona, ina da buƙata."

"Amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, wace buƙata kuma?"

"Tuwon da kake cinyewa har ka suɗe kwano? Tsohon direban nan naka na Tsafe nake so ka haɗa ni da shi."

Mutumin da take nufi shi ne ya tuƙa mana motar majigi shekara goma sha ɗaya. Da ya bar aiki ya koma garinsu Tsafe, ya sami wani benci a ƙarƙashin dogon yaro a bakin tasha ya mai da shi wurin zamansa. Ba ɗan kamasho ba ne, ba shi da muƙami a ƙungiyar direbobi, tsoho ne kawai da kowa ke gaisarwa. Da aka katse waya, bencin nan ya zama gidan waya. Direban da ya fito daga Funtua ya bar masa saƙo, mai babur daga ƙauye ya karɓa. Matar wane ta sauka lafiya, wane ya rasu za a yi jana'iza da azahar. Akwai kuma saƙon da ba a ɗaga murya wajen faɗarsa, wato wace hanya ce kada a bi yau. Ni da bakina na ba da wannan labari a gidana, ana cin abinci, ina yabon mutumina. Na manta akwai ɗalibar sadarwa a cikin masu sauraro.

Na ce mata, "Wane ne yake son sanin wannan?"

"Malaminmu mana."

"Ɗan ina ne?"

"Kaka, ban sani ba. Ai ba a tambayar malami asalinsa."

"A zamaninmu ana tambaya. In kin kai masa, shi kuma ya kai wa wa?"

Ta yi dariya ta ce tsufa ya sa ina ganin ɓarawo a cikin randa. Ni ban yi dariya ba. A ƙasarmu yanzu, wanda ya san labarin hanya yana da abokan gaba biyu. Na daji, wato 'yan bindiga, suna ganin shi ne yake ɓata musu farauta, na gari kuma suna tambayar yadda aka yi ya sani. Kalmar infoma idan ta manne wa mutum, babu sabulun da ke wanke ta, kuma mun ga inda ta kai waɗansu. To ga wani malami da ban san ubansa ba ya baza ɗalibai cikin jiha, kowa ya nemo masa irin waɗannan mutane. Na ce a raina, da ni ne nake son in san idanun ƙauyuka da kunnuwansu ba tare da na taka ƙafata ba, da ba zan tsara dabarar da ta fi wannan ba.

Ban hana ta ba. Hani zai jawo mata asarar maki, kuma 'ya'yan yanzu in ka rufe musu ƙofa taga suke bi. Sai na yanke shawara biyu: zan je in ga malamin nan ido da ido, sa'an nan kuma ziyarar jikata Tsafe, in za a yi ta, a yi ta bisa ƙa'ida. Tunanina shi ne, abin da aka yi a ɓoye shi ake zargi. Idan yarinya baƙuwa daga Gusau ta sauka a tasha ta zauna kusa da tsoho tana rubuce-rubuce, kafin magariba an yi mata fassara goma. Amma idan mai unguwa yana da masaniya, kuma akwai takarda daga tsohon jami'in da aka sani, babu mai bakin cewa makirci ake ƙullawa.

Na sauko da tafiretata na kakkaɓe ta, na sa takarda uku da kabon a tsakaninsu. Na rubuta cikakken sunan mutumina da unguwarsa. A kan take, da manyan baƙaƙe, na rubuta cewa wasiƙar ta shafi rawar da ya taka wajen isar da saƙonni da labarin hanya a lokacin katse waya, na ja layi a ƙarƙashi. Na gabatar da jikata, na roƙi a ba ta haɗin kai, na sa hannu. A ƙasa na rubuta: kwafi zuwa ga mai unguwa, domin sanarwa. Ranar Litinin da safe na kai ambulan biyu tasha, ɗaya na mutumina ɗaya na mai unguwa, na damƙa wa wani direba mai lodin Tsafe wanda na san mahaifinsa. Kwafi na uku na sa a fayil. Jikata ban gaya mata ba, domin ban saba shawara da na ƙasa da ni kan yadda zan aika takarda ba.

Ranar Laraba na sa babbar riga na ɗauki sandata na tafi jami'a. Na sami malamin a wani ofishi da yake rabawa da mutum biyu, takardun jarrabawa jibge a kan tebur. Siriri ne, bai fi sa'ar autana ba. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya rusuna ya gaishe ni har sau biyu. Ladabin nan ma bai rage mini zargi ba. Na yi aiki da mutanen da suka fi shi rusunawa, na kuma san abin da suka aikata daga baya.

Na gabatar da kaina da muƙamin da na bari, sa'an nan na ce, "Malam, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Sunayen mutanen nan da kake tarawa, ina za ka kai su?"

"Baba, ba na tara suna ko ɗaya."

"To me kake tarawa?"

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini takarda guda, ya ce ita ce ya raba wa ɗalibai a makon farko. Na sa tabarau na karanta a tsanake. Kada a rubuta sunan mutum, ko ƙauyensa, ko sana'ar da za ta sa a gane shi. Kada a naɗi murya, kada a ɗauki hoto. A sadu da shi inda shi ya zaɓa. Idan ya ƙi magana a ƙyale shi, ɗalibi ya rubuta cewa an ƙi, makinsa ba zai ragu ba.

Na ce, "Takarda ba ta ƙin tawada. In ba ka son sanin su wane ne, mene ne amfanin wahalar?"

"Yadda suka yi nake so, Baba. Wata rana waya za ta sake ɗaukewa, ko da gangan ko da tsautsayi. Mutanen nan sun riƙe jama'a wata da watanni da baki da ƙafa, kuma babu wanda ya rubuta yadda abin ya gudana. Littattafan da muke koyarwa da su ba su san da irin wannan ba."

"Wa zai karanta abin da yaran suka rubuta?"

"Ni, sai malamin da ke duba makin da na bayar."

Amsoshinsa sun yi daidai, har sun yi daidai da yawa. Ban gamsu ba, amma na ga ya kamata in nuna masa yadda manya suke gudanar da irin wannan aiki, ko ya ƙaru. Na buɗe fayil na zaro kwafina na ajiye a gabansa, na ce na riga na share wa jikata hanya.

Ya karanta. Da ya kai ƙasa sai ya koma sama ya sake karanta taken. Ya ɗago ya dube ni.

"Baba, wannan kwafin na mai unguwa, an riga an aika?"

"Tun ranar Litinin."

"Ku gafarce ni, ni ban tashi a ƙauye ba. Idan wasiƙa ta je wa mai unguwa, shi kaɗai yake karantawa?"

Har yau ban sani ba ko da gaske bai sani ba, ko kuwa ladabi ne ya sa ya mai da maganar tambaya. Ni dai na san amsar. Magatakarda ne yake farke ambulan a zaure, ya karanta da ƙarfi a gaban duk wanda ke zaune: mai ƙarar gona, mai neman shaida, da wanda ya shigo shan inuwa kawai. Dalilin da ya sa muke aika kwafi ke nan tun asali, domin gari ya ji. Da wannan al'ada na tara jama'a a gaban majigi sau ba adadi. Ita na dogara da ita duk tsawon aikina, kuma ban tsaya na tambayi kaina ba ko wannan saƙo irin wanda ya kamata gari ya ji ne.

Na ninke takardata na mayar cikin fayil, na yi masa sallama. Ya ce zai raka ni bakin titi, na ce ya zauna.

La'asar ta riga ta yi, kuma mai hankali ba ya kama hanyar Tsafe da yamma. Na kira wayar mutumina sau uku ba ta shiga ba. Da jikata ta dawo na zaunar da ita na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba. Wannan karon ba ta kira ni ango ba.

"Kaka, takardar ƙa'idojin nan tana cikin jakata tun farkon zango. Da ka tambaye ni da na nuna maka."

"Na tambaye ki."

"Asalin malamin ka tambaye ni."

Ranar Alhamis na shiga motar farko. Na tarar da shi a kan bencinsa, ya ƙara ramewa, hularsa a karkace kamar kullum. Yana hango ni ya fara tafa hannu.

"A'a! Ofisa da kainai! Mi ya hito da kai da sassahe, ko gwamnati ta maido majigi?"

"Ka sami takardata?"

Ya dafa aljihun gaban rigarsa. "Ga ta nan, ko buɗe ta ban yi ba. Idona ba shi ganin ƙananan baƙaƙe yanzu, kuma ni ba ni ba kowa takardata shi karanta min. Na ce wagga sai mun haɗu."

Na ce ya taso mu ɗan zagaya. A bayan wata babbar mota da aka ajiye na gaya masa abin da ke cikin wasiƙar, da kuma cewa akwai ta biyu.

"Sunana cikakke?"

"Cikakke."

"Da maganar hanya?"

"A kan take. Na ja layi a ƙarƙashi."

"Kai dai ba ka taɓa aiki rabi da rabi ba, Ofisa," ya ce. "Mu tahi."

A zauren mai unguwa mun tarar da mutum biyar ko shida. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ni kuwa ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda za ta nuna ta san wani abu. Da aka natsa na ce na aiko da wata takarda ranar Litinin, na gano akwai kuskure a cikinta, kuma ba al'adata ba ce in bar takarda mai kuskure a hannun hukuma. Mai unguwa, dattijo mai fara'a, ya ce ai magatakardansa ya tafi Bilbis wajen suna tun shekaranjiya, takardu suna nan suna jiransa. Ya ɗaga gefen buzun da yake zaune a kai ya zaro ambulan uku, ya miƙo mini nawa.

Shekaranjiya Talata ke nan. Takardata ta iso tun Litinin kafin azahar. Ta tarar da magatakarda a gari ke nan. Na yi godiya.

Ambulan a rufe yake. Amma a kusurwa ɗaya bakinsa ya ɗan tattare, kuma akwai wani layi mai duhu a inda aka manne shi. Yana iya zama gam ne aka ƙara bayan an buɗe. Yana iya zama gumin aljihun direba ne, ko danshin ƙasa a ƙarƙashin buzu. Muna shirin tashi, wani mutum da ke zaune kusa da ƙofa, wanda ban sani ba, ya dubi mutumina ya ce, "Baba, har yanzu kana zaman tasha?" Mutumina ya ce yana taɓawa. Tambaya ce da kowa zai iya yi wa kowa.

Da muka yi nisa da zauren ya miƙo hannu, na ba shi ambulan. Ya juya shi gaba da baya, ya kai shi kusa da idonsa, ya mayar mini.

"An buɗe?"

"Ban sani ba."

"Kai da ka shekara talatin kana lasar ambulan?"

"Wallahi ban sani ba."

A iya tunawata, wannan ne karo na farko da na faɗi wannan kalma ga wanda ya yi aiki a ƙarƙashina. Ya ciro tasa wasiƙar daga aljihu ya haɗa mini da ita, ya ce in tafi da su duka Gusau, kada in yar a hanya.

Kafin mako ya zagayo ya tattara ya koma gidan 'yarsa a Bungudu. Abin da ya gaya wa mutanen tasha shi ne gwiwoyinsa sun matsa masa, yana buƙatar mai kula da shi. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu babu abin da ya same shi, alhamdu lillahi, kuma ba ni da hanyar sanin ko don ba a karanta takardar ba ne, ko don ya tashi da wuri. Na yi ta juya al'amarin. Wani lokaci magatakardan nake zargi, wani lokaci mutumin bakin ƙofa, wani lokaci direban da na ba saƙon duk da na san mahaifinsa. Shi kansa malamin ban wanke shi sarai ba, domin har yanzu ban ga inda rubuce-rubucen ɗalibansa suke kwana ba. Sai dai duk inda zargina ya zagaya, na san hannun da ya buga takardar. Jikata ta sami wani mutumin ta hanyar ƙawarta ta yi aikinta. Ban tambaye ta ko wane ne ba, ita ma ba ta gaya mini ba.

Bayan wata uku na je Bungudu duba shi, ban aika kowa ya sanar ba. Ya yi murna da ganina. 'Yarsa ta kawo mana fura, muka zauna a ƙofar ɗakinsa muna tuna ranar da motarmu ta kafe a cikin gulbi muka yini muna tura ta, yana ta yi mini tsiya wai ni da takalmi sau-ciki na shiga ruwa don kada talakawa su ga ƙafar ofisa. Mun yi dariya har na share hawaye. Da na tashi tafiya na ce masa jikata tana gaishe shi, tana kuma ba shi haƙuri, ko da yake laifin ba nata ba ne.

Ya dubi ƙofar gida, ya dubi katangar maƙwabta, wadda ba ta kai kafaɗar mutum ba.

"Ka gaishe ta da kyau. Ka ce mata ni tsoho na, shan iska kawai ka kai ni tasha. Ban san komi ba game da hanya, ban taɓa sani ba."

Na rage murya na ce, "Ni kake gaya wa haka?"

"Kai nika gaya ma, Ofisa."

Ya rako ni har bakin zaure, ya yi mini addu'ar sauka lafiya, ya koma ciki.